An Ɗauki Magini, An Bar Mawaƙi

Wata maƙwabciyarmu a Hanwa ta rasu a ƙarshen daminar da ta wuce. Tsohuwa ce Kirista, ta yi aikin jinya har ƙarfinta ya ƙare, kuma da wuya ka sami yaron da ya tashi a layinmu wanda ba ta taɓa wanke masa gyambo ko ta ja masa kunne ba. Daren zaman makokinta mu Musulmin layin muka je ta'aziyya, aka ba mu benci a gefen rumfa. Samarin cocinsu sun zo da kayan kiɗa na lantarki da manyan lasifika biyu. Wajen ƙarfe tara aka ɗauke wuta, janareta ya yi tari sau uku ya yi shiru, samarin suka yi cirko-cirko. Sai wata dattijuwa cikin 'yan zumuntar mata ta gyara ɗaurin kallabinta ta faɗi wata lamba. Lamba kurum, ba ta ambaci sunan waƙa ba. Nan take duk mai furfura a wurin ya kama, maza da mata, a tsanake, ba ganga ba tafi, baiti biyar cikin duhu ba wanda ya buɗe littafi. Yaran kuwa wayoyinsu suka zaro suna laluben lambar a manhaja, kafin su same ta an kai baiti na uku.

Da aka idar na juya wajen dattijon da ke kusa da ni, na ce, "Baba, wannan waƙa wa ya yi ta?" Ya ce, "Ai ta littafi ce, ɗana." Na ce, "To wa ya sa ta a littafin?" Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Turawan Mishan mana." Mutumin nan ya fi shekara sittin yana rera ta. Da ita aka binne mahaifiyarsa, da ita kuma yake fatan a binne shi.

Ni ba ɗan coci ba ne, kuma ba aƙida na zo tattaunawa ba, kowa da alƙiblarsa. Abin da ya tsaya mini a rai maganar harshe ce. Ga wanda ya tashi da rubutacciyar waƙar Hausa a kunne, waƙa marar uba abin mamaki ce. Marubucinmu yakan buɗe da sunan Allah da salati, in ya zo rufewa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, wani har ya ƙirga maka baitocin ya ɓoye shekarar a cikin ramzi. Shi ya sa har yau muke iya cewa wannan ta Nana Asma'u ce, wannan ta Sa'adu Zungur, wannan ta Aƙilu Aliyu. Makaɗin baka ma bai yarda a manta da shi ba, tsakiyar waƙa zai tsaya ya yi wa kansa kirari. Ga kuma ɗaruruwan waƙoƙi da Hausa a Littafin Waƙoƙi, wanda ya fito daga hannun mishan ɗin SIM ya zama abin hannun ECWA da wasu ikilisiyoyin Arewa, miliyoyin mutane na rera su kowace Lahadi daga Zariya zuwa Jos, Kaltungo, Numan da Maraɗi, amma da lamba ake kiransu, kamar motocin haya a tasha.

Alhali kuwa suna da iyaye, kuma yawancinsu ba fitattun mawaƙa ba ne. Limaman coci ne masu jama'a a gabansu, waɗanda ke neman abin da za su sa a bakin manomi da masunci ranar Lahadi.

Kakan sana'ar a Turanci shi ne Isaac Watts, wanda aka haifa a Southampton a 1674, ɗan wani mutum da ya sha ɗauri saboda ya ƙi bin cocin gwamnati. A zamaninsa Zabura kaɗai ake rerawa a cocin Ingila, ita ma an cusa ta cikin wasu baitoci masu tauri kamar ganda. Watts ya ga mutane na motsa baki zuciya ba ta motsi, sai ya shiga rubuta nasa da Turancin da mai shago zai gane. Ya buga littafinsa a 1707, aka yi masa ca, ana cewa wane ne shi da zai sa maganar ɗan Adam inda ake rera maganar Allah. Bai fasa ba, ya bar waƙoƙi sama da 600. A wannan shekarar ta 1707 aka haifi Charles Wesley, wanda shi kuma ya haura 6,000, da yawansu domin 'yan haƙar kwal da leburorin da ake yi wa wa'azi a fili.

Wanda labarinsa ya fi shafarmu shi ne John Newton. Ɗan jirgin ruwa ne, tantiri a ƙuruciyarsa, ya shiga fataucin bayi a gaɓar Afirka ta Yamma, har shi kansa ya ɗanɗani zaman ƙasƙanci a wani tsibiri kusa da Saliyo. A 1748 guguwa ta kusa kifar da jirginsu, daga nan ya fara tuba. Sai dai tuban bai hana shi zama kyaftin ɗin jirgin bayi ba har 1754, kuma sai a 1788 ya fito fili da rubutu yana la'antar sana'ar. Masu ba da labarinsa a kan mumbari sukan tsallake waɗannan shekaru, ni kuwa a ganina su ne naman labarin. A 1764 aka naɗa shi limami a Olney, wani ƙaramin gari na matalauta masu saƙa, inda yakan shirya sabuwar waƙa domin taron addu'a. Amazing Grace, wadda duniya ta sani yau, rakiyar wa'azinsa ce na ranar sabuwar shekara ta 1773. Shi da abokinsa William Cowper suka tara nasu suka buga a 1779. Kuma wannan Newton ɗin yana cikin waɗanda suka zauna a London a 1799 suka kafa ƙungiyar CMS, wadda bayan shekara ɗari da ɗoriya ta sauke kayanta a Zariya. Ka ga igiya ɗaya ce daga jirgin bayi zuwa gindin dutsen Kufena.

Akwai Henry Francis Lyte, limamin masunta a Brixham, wanda tarin fuka ya ci ƙarfinsa. Waƙarsa ta maraice, wadda ya kammala a 1847 'yan makonni kafin ya mutu a Nice, cikin Faransa ta yau, ita ce ake rerawa kafin wasan ƙarshe na kofin FA tun 1927. Yaranmu masu cika gidajen kallon ƙwallo sun sha jin ta ba su san ta gidan makoki ba ce. Daga Amurka kuma wani salo ya zo, mai sauƙi, mai amshi, wanda shi ne ainihin abin da ake kira waƙar bishara: na fastoci irin su Robert Lowry na Brooklyn da Elisha Hoffman, da na Fanny Crosby, makauniyar da ba fasto ba ce amma ta fi fastocin yawan waƙa, wajen 8,000. Ira Sankey, mawaƙin mai wa'azi D. L. Moody, shi ya tattara irin waɗannan a littafin da ya kumbura har ya kai waƙa 1,200. Wannan littafi yana cikin akwatin 'yan mishan da yawa da suka nufo ƙasar Hausa.

Abin lura a nan, duk mutanen nan abu ɗaya suka yi. Kowannensu ya dubi jama'ar da ke gabansa, ya yi musu waƙa da harshen uwarsu a kan ma'aunin da kunnensu ya saba. Karin ma ba wahayi ba ne a wurinsu. Wanda ake rera waƙar Newton da shi yau sai a 1835 aka haɗa su a Amurka, shekara 28 bayan mutuwarsa. Na waƙar Lyte sai a 1861 William Monk ya tsara shi. Ke nan Turawa da kansu sun saba canza wa waƙa riga. Sai da aka iso wurinmu rigar ta zama ba a taɓawa.

Zuwan 'yan mishan bai zo da sauƙi ba. Walter Gowans na SIM ya mutu a Girku a 1894. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na CMS ya isa Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito, suka dawo suka yada zango a Girkun nan. A cikin ayarin akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus. Shi ne a 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da wurin shan magani, ya duƙufa kan fassara. A 1929 aka fitar da mishan ɗin daga birni zuwa Wusasa, a 1932 kuma Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa, aikin da Miller ya ja gaba, da hannun wasu irin su Andrew Stirrett na SIM. A ba su haƙƙinsu: sun ji Hausa, wasunsu sun binne 'yan'uwansu a nan, kuma Wusasa ta fitar da Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, da Janar Yakubu Gowon, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Amma jin Hausa daban, sanin gidan waƙa daban. Likitoci ne da masu wa'azi, ba sha'irai ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Waƙar coci ta Turanci ƙirgen gaɓa take bi, da inda murya ke dannawa. Ma'aunin da ya fi yawa shi ne ɗango mai gaɓa takwas, sai mai shida, sai takwas, sai shida. Kalmomin Turanci gajeru ne, ɗango mai gaɓa takwas yakan kwashi kalma shida ko bakwai. Mu kuwa Ubangiji kaɗai gaɓa huɗu ne, Almasihu ma huɗu. Ka jera su biyu ɗango ya cika, ba ka ce komai a kansu ba tukuna. Dole mai fassara ya zubar da rabin kayan a hanya, kuma abin da ya fi saurin faɗuwa shi ne adon maganar, siffantawa da kamance, sai a tsira da ƙashin ma'ana. Amsa-amo, wanda a wurinmu shi ne ke raba waƙa da zance, sau da yawa shi ma ba ya kai labari.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce Hausa ba ta san dannawa ba, tsawo ta sani da karin sauti. Ja wasali kaɗan, gari na zama ya koma garin tuwo. Ja shi a duka, wato gaba ɗaya, ya koma duka na sanda. Fasa ƙwai da fasa tafiya tsawon wasali ne ya raba su. Kukan yaro da kukar miya hawa da saukar murya ne, haka wuyan riga da wuyar rayuwa. Karin Bature kuwa yana jan murya ne inda kalmar Turanci ta nema, yana hawa inda ta hau, babu ruwansa da wace gaɓar Hausa ce ta faɗo a wurin. Ba ina cewa akwai wanda ya taɓa fita coci yana zaton an umarce shi da ɗaukar sanda ba, mahallin zance yana ceton ma'ana. Amma kunne yana ji. Saurari Shata ko Narambaɗa ko Ɗanmaraya Jos, da wuya ka kama su sun ja gajeren wasali ko sun guntule dogo, alhali ba su zauna ajin aruli ba. Malaman da suka ɗauko Basiɗi da Kamil da Mutaƙarabi daga Larabci sun yi sa'a ne saboda Larabci ma da doguwar gaɓa da gajeruwa yake awo, sai rigar ta zauna wa Hausa ɗas. Ta Turanci kuwa zanen aro ce, an san abin da ba ya rufewa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, a yawancin shekarun da Miller ke zaune cikin birnin Zariya, wanda ke kan gadon Zazzau shi ne Aliyu Ɗansidi, mai Tabarƙoƙo, ɗaya daga cikin gwanayen waƙar Hausa na kowane zamani. Tsakanin fada da gidan Likita ba nisa. Sai dai ba su ga-maciji da juna, kuma ƙarshenta Turawan mulki suka tuɓe Sarkin suka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1924. A wannan ƙasar ta Zazzau kuma Aliyu Namangi ya tashi, makaho kamar Fanny Crosby, mai wa'azi da waƙa kamarta. Ya ɗauki karin caji, kiɗan 'yan duniya, ya ɗora masa Imfiraji, har ta zama abin rerawar almajirai da makafi a kowace kasuwa. Abin da Watts ya yi wa Ingila ke nan, an yi shi a nan ƙofar gida. Samfurin yana nan a shirye: waƙar wa'azi, mai ma'auni, mai amsa-amo, ba ganga ba kalangu, daidai da abin da ɗan mishan mai tsoron kiɗa zai so. Domin a kan ganga, abin dariya, malamin zaure da ɗan mishan bakinsu ɗaya. Wannan yana ganin shagala ce da roƙo, wancan yana jiyo ƙamshin bori.

To me ya hana? A ganina warin Musulunci suka ji a jikinta. Suna son sabon mai bi ya ji a kunnensa cewa ya bar wani gida ya shiga wani, kuma ba abin da ke sanar da haka da sauri kamar kari. Ga kuma kewar gida. Mutumin da ya bar Ingila ko Kanada, zazzaɓi na kaɗa shi a bukka, in ya ji karin da uwarsa ke rerawa yana fita daga bakin yaran Zariya, ba zai tsaya tambayar ina wasali ya faɗi ba. Ban ga laifinsa sosai ba. Sai dai cikin masu bi na farko akwai Isawa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, waɗanda suka nemi Miller a 1913 aka kafa musu ƙauye a Gimi kafin ciwon barci ya tarwatsa shi. Mutanen allo ne da tawada, waɗanda ajami ba baƙonsu ba ne. Da an ce musu ku yi mana waƙa irin taku, Allah kaɗai ya san abin da za mu gada.

Duk wanda ke shakkar cewa hakan mai yiwuwa ne, ya hau acaɓa daga Hanwa ya je Wusasa ya dubi tsohon cocin St. Bartholomew da aka gina a 1929. Ginin ƙasa ne, tubali da azara da bakan gizo, hannun maginan Zazzau, jinin aikin da Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarimu. Ba wanda ya ce bakan gizo na Musulmi ne, kada a yi sujada a ƙarƙashinsa. An yarda Bahaushe ya san yadda zai ɗaga rufi, ba a yarda ya san yadda zai ɗaga murya ba. Aka ɗauki magini, aka bar mawaƙi a waje.

Yarabawa sun sha irin wannan matsalar, tasu ma ta fi tamu tsanani saboda karin sautinsu hawa uku ne. Amma sun sami Josiah Ransome-Kuti, limamin Anglika na ƙasar Egba, wanda ya shiga tsara waƙoƙin coci a kan karin gargajiyar Yarabawa, har ya je London a 1922 aka ɗauki muryarsa a faifai. Sunansa yana nan, waƙoƙinsa na cikin littafinsu, jikansa kuma shi ne Fela. A Arewa ma an yi wannan juyin, amma ba daga mumbari ya fito ba. Mata ne suka yi shi. 'Yan zumuntar mata, da ankonsu da tulunsu da caki da ganga, suka dawo da jagora da 'yan amshi cikin coci, suka mayar da labarin Nuhu da Yusufu da Ayuba waƙa irin ta daka da niƙa, wadda kalma ke zama inda Allah ya ajiye ta. Ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa, tun shekarun 1960, suka kai irin wannan salon ƙauyuka. In kana neman waƙar bishara da Hausarta ba ta ɗingishi, a bakin matan nan take. Su ma ba a rubuta sunan ko ɗaya ba. Waƙa takan tashi a taron mata a Kagoro ko Biliri, bayan shekara ka ji ta a Samaru, ka tambayi mai ita a ce ai ta zumunta ce.

Kada a ɗauka ina cewa a yar da tsohon littafin. Na ga abin da ya yi a daren nan cikin duhu, kuma duk malamin arulin da zai ce wa tsohuwar da ke kukan ƙawarta wasalinki ya karye, shi ne bai san waƙa ba. Shekara ɗari na jana'iza da aure da baiko sun ba waƙoƙin nan wani nauyi da ma'auni ba ya bayarwa. Ɗingishin ma ya zama kamanninsu, kamar tsagen fuska. Ban da haka, Hausa tana da bashinsu a wuyanta. Mafi yawan masu rera su ba Hausawa ba ne: Bajju ne da Atyap da Ham, Birom da Angas, Tangale da Bachama da Bura, sai kuma Hausawan ƙauyukan Zazzau da Kano da Katsina da ake kira Maguzawa da, waɗanda da yawansu yau ke kiran kansu Masihiyawa. Muna yawan cewa kasuwa da sarauta da rediyo ne suka baza Hausa. Mukan manta da bencin coci, inda yaron da ba a Hausa a gidansu ya fara haddace baiti da ita, ya fara haɗa baƙi da ita, ya koyi yin kuka da ita.

Kuma in ka kasa kunne, kalmomin da ke ciki ba daga London suka zo ba. Allah, zunubi, tuba, gafara, albarka, addu'a, sujada, salama, mala'ika, annabi, bishara, ruhu, duk daga rumbun malaman zaure aka ɗebo su, su kuma daga Larabci. An ƙi karin malam amma an ci da ƙamus ɗinsa. Inda aka ja layi da gangan shi ne wajen suna, aka ce Yesu maimakon Isa. Fassarar 1932 ta ce Kristi, ta 1980 ta dawo ta ce Almasihu, amma waƙa ba ta bin kwamiti, tsohuwar kalmar tana nan a bakin tsofaffi. Mai nazarin tarihin harshe zai sami a littafin nan wata Hausa ta farkon ƙarni na 20 da aka adana kamar hatsi a rumbu, ba a taɓa ba.

Wa ya kamata ya kula da wannan gado? A nan ne kowa ya zame. Mu masu nazarin adabin Hausa mun saba raba waƙa gida biyu, ta baka da rubutacciya, mu fara daga masu jihadi mu sauko kan 'yan siyasa da 'yan fim, kamar dai Hausa ba ta taɓa shiga coci ba. Ga Kamfanin Gaskiya nan a Tudun Wada tun 1945, ta ƙofarsa waƙoƙin Hausa masu yawa suka shiga ɗab'i da sunayen masu su, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga Wusasa, duk cikin gari ɗaya, amma kamar akwai kogi tsakani. A ɓangaren coci kuma sujadar Hausa ta zama ta tsofaffi da waɗanda ba su yi boko ba, mai digiri sashen Turanci yake zuwa, inda ake haska gajeren amshi a bango a maimaita shi sau ashirin. Wasu matasan kudancin Kaduna da Filato kuma kallon harshen mamaya suke yi wa Hausa, suna son komawa ga nasu, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Mawaƙan zamani irin su Panam Percy Paul da Solomon Lange sun nuna cewa waƙar bishara da Hausa tana da kasuwa, sunansu kuma yana kan faifansu. Amma wannan sabon gini ne, ba gyaran tsohon ba.

Amsar dattijon nan, Turawan Mishan mana, ita ce nake ƙi. Ba Baturen da ya taɓa mayar da waƙa Hausa shi kaɗai. A gefensa akwai malamin makaranta, ko mai bishara, ko yaron gida, wanda ake tambaya yaya kuke cewa kaza, wanda ya ce a'a Likita, wannan ba ta zauna ba, sa wannan. Bayan Turawan sun tafi kuma fastoci 'yan ƙasa sun ƙara nasu, sun gyara na da. Waɗannan su ne marubutan, ko da rabi ne. Neman su ba aikin gagara ba ne. Takardun CMS suna ajiye a Jami'ar Birmingham, akwai Gidan Adana Takardu na Ƙasa a Kaduna, akwai ɗakin Muryar Bishara a Jos da ya daɗe yana ɗaukar muryoyin mawaƙan coci, akwai Kwalejin Tauhidi ta St. Francis a Wusasa da ɗalibanta ke neman abin rubuta kundi kowace shekara. A jera bugu na farko da na baya a ga me ya canza. A zauna da 'yan shekara tamanin da rikoda, a tambaye su wa ya koya musu lamba kaza, shi kuma wa ya koya masa. A bi taron mata a rubuta wadda ta fara tada kowace waƙa tun tana da rai. Ɗalibin Hausa Musulmi ma zai iya wannan aiki, kamar yadda Turawa Kiristoci irin su Mervyn Hiskett suka ƙare rayuwarsu a kan waƙoƙin Shehu ba wanda ya ce sun yi ridda. Kuma in wani fasto mai kunne ya ga dama ya sake zuba waƙar Newton a ƙwar biyar mai amsa-amo, ya rera ta da karin da ya dace da bakin Bazazzagi, bai ci amanar Newton ba. Sana'arsa ya gada.

Bayan sati uku da makokin, dattijon nan ya aiko jikansa ya kira ni. Na same shi a ƙofar gida kan kujerar roba, da wani littafi a cinya wanda bangonsa ya tafi, an ɗinke ƙeyarsa da zaren buhu. Ya ce, "Tambayarka ta hana ni sakat. Wannan na babana ne, mai bishara ne a ƙauye." Ya buɗe mini lambar da aka rera a daren. A baiti na biyu an soke wata kalma da fensir, an rubuta wata a samanta da ƙaramin rubutu mai kyau. Na gwada ta bugun a zuciyata, na gwada ta fensirin. Ta bugun tana sa a ja gajeren wasali, ta fensirin kuwa doguwar gaɓa ce ta faɗa daidai inda murya ke tsayawa. Muka yi ta buɗawa, muka sami irin wannan gyara a wuri goma sha ɗaya.

Na ce, "Baba, ku wacce kuke rerawa?"

Ya ce, "Ta fensir mana. Duk yankinmu ita aka sani. Sai da na zo Zariya na ji ana faɗin ɗayar, na zaci su ne suka yi kuskure."

Na tambaye shi ko rubutun mahaifinsa ne. Ya kawo shafin kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa, ya ce a'a, babansa ba ya lanƙwasa wutsiyar y haka. Littafin ma a hannun wani malaminsu ya same shi, kuma sunan malamin ya ɓace masa, amma akwai wata yayarsa a Wusasa da ƙila za ta tuna, in an je da safe kafin rana ta yi zafi.